Wai da gaske roba duk roba ce? Tiyon janareta ya ishe ni

Bakanike_Kurna: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga injiniyoyi da malaman kimiyyar da ke cikinmu. Sana'ata gyaran janareta da injin ban ruwa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗan tiyon nan da ke kai fetur daga tanki zuwa kafireto. Wanda ya zo da injin tun daga kamfani yakan yi shekaru lafiya lau. Amma in na canza shi da na kasuwa, kauri ɗaya, faɗi ɗaya, ba a jimawa mai injin zai dawo yana faɗa. Wani tiyon ya kumbura ya yi luguf, wani kuma ya ƙandare ya tsage a bakin da aka ɗaure. Haka ma 'yar zoben robar da ke bakin kofin kafireto. Masu shago suna ce mini roba duk roba ce, zafin gari ne kawai. Ni ban gamsu ba, domin na kamfanin ma ai a cikin zafin nan ya zauna. Sunana ne ke ɓaci a wurin kwastomomi. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?

Na_Kofar_Ruwa: Wa alaikumus salam Oga. Ni safaya nake sayarwa, kuma ba zan ɓoye maka ba, ni ma haka nake faɗa wa mutane. Nadi ake kawo mana, mu yanka da ƙafa ko da inci. Baƙi ne, roba ce, yana shiga bakin kafireto, to me ya rage? Ni ina ganin fetur ɗin yanzu ne ba shi da kyau, ba tiyo ba.

MaiFaci_Dawanau: A'a Alhaji, roba ba duka ɗaya ba ce. Mu da muke faci mun sani tun ba yau ba. Robar tif daban, robar bayan taya daban. Tif ɗin kirki sai ya yi makonni bai sace ba, amma balan-balan da yara ke hurawa kwana ɗaya ya yamutse, alhali ba ƙofa a jikinsa. Kuma akwai tif ɗin da faci ke kama shi nan da nan, akwai wanda sai ka goge shi sosai. Dalilin ne dai ban sani ba.

Malama_Kemistiri: Sannunku da ƙoƙari. Malam Bakanike, kai ne da gaskiya, kuma abin da ka lura da shi na cewa wani kumbura yake yi wani ƙandarewa, shi ne bakin zaren, domin ciwo biyu ne daban.

Bari in fara da yadda roba take a ciki. Kowace roba an yi ta ne da ƙwayoyin sinadari masu tsawon gaske, dubban ƙananan guntaye a jone da juna, abin da muke kira folima. Ka ɗauki kwanon taliya dafaffiya: silalla dogaye, a cukurkuɗe, kowane na iya zamewa a kan ɗan'uwansa. Haka ɗanyar roba take, irin wadda ake tatsa daga itacen roba a Edo da Delta da Kuros Riba. Shi ya sa ɗanyarta ba ta da amfani sosai, da zafi ta yi danƙo, da sanyi ta ƙage. A 1839 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano cewa in aka dafa ta da farar wuta sai ta daina wannan hali, ya kuma yi rajistar fasahar a 1844. Abin da farar wutar ke yi shi ne ƙulle silallan da juna nan da can. Sai su iya miƙewa in an ja, amma ba za su iya rabuwa ba, da an saki su koma. Abin mamakin shi ne ƙanƙantar abin da ake zubawa: kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari ya isa a sami roba mai laushi. In aka kai wajen kashi 30 sai ta zama ƙanƙararren abu baƙi da ake kira ebonait, wanda a da ake yin akwatin batir da shi.

To yanzu kumburi. Robar itace kabon da haidirojin ce zalla, fetur ma kabon da haidirojin ne. A kimiyyar sinadarai, abu yana narkar da mai kama da shi. Fetur sai ya kutsa tsakanin silallan ya buɗa su. Ba zai iya narkar da tiyon gaba ɗaya ba saboda ƙullin farar wuta, sai dai ya cika shi ya kumbura, ƙarfinsa ya tafi. Don haka ne a Jamus, a shekarun 1930, aka ƙirƙiro robar naitiril, wadda aka saka wa silallanta wani ɓangare mai ɗauke da naitirojin da ba ya jituwa da mai. Ina kyautata zaton tiyon da ya zo da injinka na naitiril ne. A ido kuwa ba za ka bambance ba, domin baƙin ba na robar ba ne, garin kabon ne ake zubawa a kusan dukkansu don ƙara ƙarfi.

Bakanike_Kurna: Allah ya ƙara basira Malama. Na gane na kumburi. To shi wanda ke ƙandarewa fa? Yawanci farin nan ne mai garai-garai da ake ganin mai na wucewa a ciki. Kwastomomi ma shi suka fi so.

Malama_Kemistiri: Wannan ba ma roba ba ce, PVC ne, abin da ake yin bututun ruwa da shi. Asalinsa mai tauri ne. Don a mai da shi tiyo sai a cuɗa shi da wani ruwa mai maiƙo da ke shiga tsakanin silallan ya sa su riƙa zamewa, kuma ba kaɗan ake sawa ba, yakan kai kashi ɗaya bisa uku na nauyin tiyon ko fiye. Matsalar ita ce wannan ruwan ba a ƙulle yake ba, zaune kawai yake a ciki. Fetur na wucewa yana wanke shi yana tafiya da shi. In ya ƙare sai tiyon ya tsuke ya koma halinsa na asali, girgizar injin ta ƙarasa tsaga shi. Na farko mai ya shige shi, na biyu mai ya kwashe abin cikinsa. Akwai tiyo mai garai-garai da aka yi musamman don fetur, yawanci ruwan ɗorawa ko shuɗi, amma ba shi ne na ma'aunin ruwa da magina ke amfani da shi ba.

Injiniya_Fatakwal: Malama ta gama magana a kan sinadari, ni bari in ƙara ta ɓangaren aiki. A wurinmu a harkar mai, kafin a sa zoben roba ko guda ɗaya sai an amsa tambaya uku: wane ruwa zai taɓa, wane zafi zai gani, wane matsi zai ɗauka.

Naitiril, wadda za ka ga an rubuta NBR, gwana ce a fetur da dizal da baƙin mai har zuwa wajen digiri 100, amma ba ta son rana da iskar ozon (wata iska ce 'yar kaɗan da ke gauraye a cikin iskar gari), tana tsattsagewa. EPDM kishiyarta ce: rana, ruwan zafi, ruwan lagireto, man birki, duk ba ruwanta, shi ya sa ake yin tiyon lagireto da robar ƙofar mota da ita, amma ka jefa ta cikin fetur ka ga kumburi. Ina zargin da yawa daga tiyon da ke kumbura wa Oga Bakanike na ruwa ne ko na iska, aka sayar masa a matsayin na mai. Silikon tana jure zafi har digiri 200, ba ta ƙagewa a sanyi, amma tana yagewa da sauƙi kuma ita ma fetur na kumbura ta. Sai FKM, wadda aka fi sani da sunan Viton, tana jure mai da zafi tare, sai dai tsada. Tambayar Malam mai faci kuma, tif na kirki da butil ake yin sa, robar da iska ke wahalar ratsawa, an ƙirƙiro ta a Amurka a 1937. Balan-balan kuwa robar itace ce, iska na sulalewa ta jikinta a hankali.

Abu mafi sauƙi, Oga, ka karanta jikin tiyon. Na mai na gaske yana ɗauke da rubutu SAE J30. In ka ga R7 a gaba, na ƙaramin matsi ne irin na kafireto. R9 na motoci masu injekta ne. In ka ga SAE J20, na ruwan lagireto ne, kada ka kusanta shi da fetur. Wanda ba rubutu ko kaɗan, ni dai ba na taɓa shi.

Dan_Damagaram: Mu nan wajenmu haka muke fama da babura. Isansi, wato fetur, na kwalba muke sha galibi, kuma mun lura tiyon da aka sa wa gazuwal, wato dizal, ya fi daɗewa bisa wanda aka sa wa isansi, ko da daga nadi guda aka yanko. Amma maganar Alhaji na Kofar Ruwa ma kada a yar da ita, wani man da kansa yana da laifi.

Injiniya_Fatakwal: @Dan_Damagaram haka ne. Ƙwayoyin fetur sun fi na dizal ƙanƙanta, kuma akwai wasu sinadarai a cikinsa da suka fi cin roba. Mai kuma yana iya zama da laifi: ku tuna farkon 2022 da aka shigo da fetur mai yawan metanol Najeriya, har aka janye shi daga gidajen mai. Metanol da etanol, sinadarai dangin barasa, suna wahalar da robar da ba a yi ta dominsu ba. Amma wannan bai wanke tiyon ba, tunda na kamfani da na kasuwa mai ɗaya suke sha.

Direban_Tirela: Injiniya ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi da ka ambaci man birki. Akwai wani gareji da na ga yaran suna wanke kofunan birkin ƙaramar mota da fetur, su goge su mayar. Na yi magana aka ce haka ake yi tun fil azal. Wani kuma in man birki ya ƙare masa a hanya sai ya zuba man giya, ko ma ruwan omo. Ina son a faɗa mana illar abin a fili, don rayuka ne a ciki.

Injiniya_Fatakwal: Illa babba ce Oga direba. Robobin birki na yawancin motoci EPDM ne, domin man birki irin DOT 3 da DOT 4 ba dangin fetur da baƙin mai ba ne, wani sinadari ne daban da ake kira gilaikol. Ɗigon fetur ko kananzir ko man giya ya isa ya kumbura su, sai birki ya riƙe ko ya saki gaba ɗaya. Da man birki ake wanke kayan birki. Ruwan omo kuwa yana tafasa a digiri 100, alhali sabon DOT 3 sai ya haura 205, DOT 4 kuma 230. A gangara mai tsawo ruwan zai zama tururi, ka taka birki ya tafi ƙasa.

Dalibin_Fiziks: Ina neman izinin manya in kawo wani tarihi da ke nuna ko mai tsadar ma tana da iyaka. Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai da ke ciki duk suka rasu. Da aka yi bincike, zoben roba ne ya jawo, wanda ke toshe mahaɗar rokar da ke gefe, kuma irin FKM ɗin nan ne da Injiniya ya ce ta fi tsada. Da safiyar ranar sanyi ya sauka zuwa wajen digiri 2. A wannan sanyin robar ta yi nauyin jiki, da mahaɗar ta ɗan buɗe ba ta yi saurin bin ta ta toshe ba, iskar wuta ta sami hanya. Richard Feynman, wanda ke cikin kwamitin binciken, ya matse guntun robar ya tsoma a ruwan ƙanƙara a gaban 'yan jarida, da ya saki ba ta dawo nan take ba. Kowace roba tana da wani mataki na sanyi da silallanta ke daina motsi ta zama kamar gilashi, kuma tun kafin a kai wurin take fara kasala.

Ga kuma gwajin da kowa zai iya yi yanzu: ka ɗauki kyauron ɗaure kuɗi, ka ja shi da sauri ka ɗora a leɓenka, za ka ji ɗumi. Ka sake shi ka sake ɗorawa, za ka ji sanyi. Wani makaho Bature ɗan Ingila, John Gough, shi ya fara bayyana haka a farkon shekarun 1800.

Na_Kofar_Ruwa: To kun gani! Turawa da kuɗinsu da iliminsu roba ta ba su kunya, sai ni da ke sayar da tiyon naira ɗari biyu za a ɗora wa laifi?

Malama_Kemistiri: Alhaji, ba robar ce ta ba su kunya ba. Injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokar sun yi gargaɗi a daren da ya gabata cewa kada a tashi cikin wannan sanyi, aka ƙi ji. An sa ta aiki ne a inda ba ta iyawa, kamar yadda ake sa tiyon ruwa aikin fetur.

Wannan fanni gaba ɗaya, na roba da sabulu da fenti da kumfa da gam da madara, masana suna kiransa ilmin abubuwa masu laushi. Bafaranshe Pierre-Gilles de Gennes ya sami kyautar Nobel ta fiziks a 1991 a kan irin wannan bincike. Abin da ya fi jaddadawa shi ne ɗan ƙaramin canji yana juya halinsu gaba ɗaya, kamar farar wutar Goodyear. Wani misalin da ya kawo shi ne tawada: baƙin gawayi a ruwa yana dunƙulewa ya kwanta, amma ɗan ƙaro kaɗan sai ya hana shi.

Gardi_Tsangaya: Allahu Akbar! Malama, wannan ai aikinmu ne tun muna ƙolo. Mukan goga zuge da ruwa, mu jiƙa ƙaro mu tace mu haɗa. In ba a sa ƙaro ba, kafin gari ya waye baƙin ya kwanta a gindin kurtu, ruwa ya taso sama, in ka yi rubutu kuma da ya bushe sai ya kakkaɓe daga allo. In ƙaron ya yi yawa kuma alƙalami ba ya gudu, rubutun ya yi ƙyalli ya riƙa ɓamɓarewa. Alaramma da yatsa yake gwadawa ya ce a ƙara ko ya isa. Ban taɓa sanin akwai wanda ya zauna ya yi nazarin dalilin ba. Mene ne ƙaron ke yi wa gawayin takamaimai?

Malama_Kemistiri: Malam Gardi, ƙwayoyin ƙaro suna manne wa kowane ɗan ƙurar gawayi su lulluɓe shi, ragowar jikinsu kuma na lilo a ruwa. In ƙura biyu suka matso, wannan lulluɓin ne ke fara haɗuwa ya tura su baya, ba sa samun damar mannewa su yi nauyi su nutse. Da ruwa ya bushe a allo kuma ƙaron ya zama gam ya riƙe baƙin. Tsoffin Misirawa ma da baƙin hayaƙi da ƙaro suka yi tawadarsu.

Dan_Gashuwa: Tunda an zo gidanmu dole in sa baki. Aikin da ƙaro ke yi a kurtun Malam Gardi shi yake yi a kwalbar lemo. Man ɓawon lemo ba ya haɗuwa da ruwa, ƙaro ne ke lulluɓe ɗigonsa ya hana shi tasowa sama. In ka duba jikin kwalba ko takardar alewa ka ga E414, to ƙaro ne. Yana cikin magunguna da fenti da aikin ɗab'i ma. Mai daraja ta ɗaya daga dakwara ake samu, mai daraja ta biyu daga dushe. Da rani ake tsaga ɓawon bayan ganye ya fara zuba, a jira 'yan makonni ya tsattsafo ya daskare a tsince. Sudan ce kan gaba a duniya, kasuwar El Obeid ta shahara a kansa, sai Chadi da Najeriya. Don ku san muhimmancinsa, lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997 sai da aka buɗe wa ƙaro ƙofa. Yaƙin da ya ɓarke can a Afrilun 2023 ya dagula cinikin ƙwarai. Cibiyar binciken roba ta Najeriya da ke Iyanomo kusa da Benin tana da reshe na ƙaro a nan Gashuwa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mu a Yobe da Borno da Jigawa ɗanye muke sayarwa a buhu, a kai waje a narke a tace a busar ya zama gari, sannan kamfanoninmu su sayo shi da tsada. Ga kuma masu sare dakwara suna gawayi da ita.

Ummu_Hanifa: Ni tambayata ta kicin ce, a yi haƙuri. Yauƙin kuɓewa da karkashi da kuka yana cikin wannan ilmin? Don na ga kuɓewa 'yar kaɗan ke sa tukunya guda yauƙi, amma ƙaro da muke jiƙawa mu sa wa hula, ko an zuba da yawa ruwan bai cika kauri ba.

Malama_Kemistiri: Yana ciki tsundum, 'yar'uwa, kuma kin lura da abu mai kyau. Duka biyun dangin sukari ne da aka jona da yawa, bambancin a siffa yake. Na ƙaro mai rassa ne a dunƙule, ba ya sarƙe maƙwabcinsa, shi ya sa za ki iya narkar da shi har kusan rabi da rabi da ruwa yana gudana. Na kuɓewa dogaye ne, kaɗan ya isa su sarƙe juna. Shi ya sa in kin ɗaga ludayi miyar ke bin sa, in kin yanke ta koma tukunya: tana gudana kamar ruwa, tana kuma ja da baya kamar roba. Dahuwa mai tsawo da tsami suna rage shi. Ƙunzugun zamani na yara ma haka ne, akwai wani gari a ciki, sodiyom foliyakirilet, silalla ne da aka ƙulle kaɗan. A ruwa zalla yana shan ninkin nauyinsa ɗaruruwa, a fitsari kuwa abin ya ragu sosai saboda gishiri. Kumburin da ke ɓata wa Malam Bakanike tiyo, shi ake nema da gangan a ƙunzugu.

Mai_Katifa_Tudun_Wada: Mu ma a harkar soso ana ce mana soso duk soso ne, ƙarya ne. Sinadari biyu ake haɗawa, foliyol da TDI, da ɗan ruwa. Ruwan ne ke haifar da iskar kabon dayoksaid, abin ya kumburo ya daskare da ƙofofin iska a ciki. In an ƙara ruwa sai a sami soso mai yawa da kaya kaɗan, amma ba nauyi. Wanda mita ɗaya ta kowace fuska ke da kilo 18 ba zai yi ƙarkon mai kilo 30 ba. Mutane suna danna katifa da hannu su ce mai tauri ita ce mai kyau, alhali tauri daban, nauyi daban. Wasu ma garin farar ƙasa suke zubawa don ta yi nauyi a hannu, bayan an kwana biyu ta lotsa a tsakiya ta ƙi tasowa.

Admin_Zaure: Jama'a muhawara ta yi daɗi, amma mun baro mai tambaya a gareji mun shiga kicin da ɗakin kwana. A taimaka masa da yadda zai gane tiyon kirki a kasuwa in babu rubutu.

MaiFaci_Dawanau: Ni dabarata wuta ce. Ka yanki ɗan guntu ka kunna masa ashana. Robar taya tana ci da baƙin hayaƙi tana danƙo. Farin tiyon nan yana mutuwa da ka janye wutar, ga wari mai shaƙe maƙogwaro. Silikon kuma farar toka take bari.

Injiniya_Fatakwal: Abin da ka faɗa haka yake Malam, amma don Allah a bar ƙonawa. Warin da ke shaƙe ka a PVC iskar asid ce, FKM kuwa in ta ƙone tana fitar da wadda ta fi ta haɗari, mai cin fata da huhu. Kuma wuta ba za ta raba maka naitiril da EPDM yadda za ka dogara ba.

Ga hanyar da ake bi a ɗakin gwaji, kuma ana iya yin ta a gareji. Ka yanki guntaye daidai wa daida daga kowane nadi, biyu-biyu. Ɗaya ka ajiye a aljihun tebur, ɗaya ka jefa a kwalbar gilashi mai murfi da fetur, a inuwa, nesa da wuta. A ɗakin gwaji awa 70 aka saba bari, wato kusan kwana uku. Ka fito da shi ka jera da ɗan'uwansa nan take ka duba kauri da tsawo da laushi, sannan ka bar shi ya bushe ka sake dubawa, domin PVC sai ya bushe taurinsa ke bayyana. Na kirki zai ɗan kumbura kaɗan, wannan ba laifi ba ne.

Hajiya_Maman_Abba: Injiniya, wannan maganar ta tayar mini da hankali. Tiyon tukunyar gas ɗina fa? Wanda ya haɗa mini koren tiyo ya sa, irin na ban ruwan fulawa.

Injiniya_Fatakwal: Hajiya, ki rufe kan tukunyar yanzu, kada ki sake kunnawa sai an canza. Gas ɗin girki ɗan'uwan fetur ne, zai yi wa tiyon ruwa abin da Malama ta bayyana. Ki nemi wanda aka rubuta LPG a jikinsa tare da shekarar da aka yi shi, a ɗaure bakinsa biyu da kilif na ƙarfe, ba waya ko kyauro ba. Bayan an haɗa ki shafa ruwan sabulu a mahaɗar, in ya yi kumfa yana yoyo. Ko na gasken ma ana so a canza shi kamar duk shekara biyar, ko da zarar ya fara tsattsagewa.

Bakanike_Kurna: Salam jama'a, na dawo da sakamako. Na yi yadda Injiniya ya ce. Baƙin tiyon da na fi saye, marar rubutu, ya kumbura har sai da ya fi ɗan'uwansa tsawo a ido, in ka matsa shi da farce yana shiga, fetur ɗin ma ya canza launi. Farin ya fito kamar ba abin da ya same shi, amma da ya sha iska ya zama kamar kara. Na kuma sa guntun tsohon tiyo na kamfani da na ciro daga wani mataccen injin, shi kusan yadda ya shiga haka ya fito. Na zaga na sami mai rubutun J30 a wurin masu kayan mota, kuɗinsa ya ninka na wancan sosai. Na sa shi a kwalba shi ma, ina jira, domin wani abokin aikina ya ce rubutun ma ana buga na jabu.

Na_Kofar_Ruwa: Na ga hoton da ka turo, ba zan yi musu da ido ba. Amma a duba mana mu ma. In na kawo mai tsadar, wa zai saya? Mai janareta zai ce maƙwabcina na ba da shi rabin kuɗi, ya wuce. Ku ma makanikai in an ba ku kuɗin mai kyau wasunku mai arha suke saye su riƙe canji. Kuma har yanzu ina nan a kan cewa zafi na da hannu, don ko mai kyau in ya daɗe a rataye a ƙofar shago yana tsattsagewa tun ba a sayar ba.

Injiniya_Fatakwal: A nan kana da gaskiya Alhaji, kuma naitiril ce ta fi saurin yin haka. Rana da ozon ne. Ka sauke nadin daga ƙofa ka sa a leda baƙa a cikin shago, kada ka lanƙwasa shi da ƙarfi, kuma ka nisanta shi da mai walda da injin lantarki mai tartsatsi, domin tartsatsin na haifar da ozon.

Direban_Tirela: Taya ma haka. Akwai lamba huɗu a gefenta bayan rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Sabuwa ce a ido amma ta tsufa a sito.

Malama_Kemistiri: Malam Bakanike, in ka fito da na J30 ɗin ka yanka shi ka duba bakin yankan. Na gaske yawanci hawa-hawa ne, roba a ciki, zare a tsakiya, wata robar daban a waje, saboda ta cikin mai take jurewa, ta wajen kuma rana da zafi. Sai dai in ka jiƙa shi gaba ɗaya ta wajen na iya kumbura fiye da ta cikin, kada hakan ya sa ka yanke masa hukuncin jabu. Ta cikin za ka duba.

Dan_Damagaram: To 'yar zoben kofin kafireto fa da ya ambata tun farko? Ita ba rubutu a jikinta, kuma a leda ake sayar da su ɗari-ɗari a gauraye, baƙaƙe da koraye da ja. Launin yana nuna wani abu ne ko ado ne kawai?

Injiniya_Fatakwal: Wasu kamfanoni suna amfani da launi, ruwan ƙasa ko kore ga FKM, ja ga silikon, amma ba doka ba ce da ta hau kan kowa, koren na'urar sanyaya mota ma wata robar ce daban. Kwalbar fetur ɗin nan dai ita za ta raba gardama. Oga Bakanike, ka jefa zobe ɗaya daga kowane launi tare da tiyon, ka auna faɗinsu kafin da bayan.

Bakanike_Kurna: To shi ke nan Injiniya, zan sayo su gobe in Allah ya kai mu. Alhaji na Kofar Ruwa, in kana da nadin da kake ganin mai kyau ne ka yanko mini guntu in haɗa da shi, zan turo yaro ya karɓa.